Bidiyon Kamu Ya Kwana a Hannun Injiniya

Ƙanena mai ɗaukar bidiyon biki ne, kuma cutarsa ɗaya: ba ya yarda da abin da ya zo da sauƙi. Tun da ya cire Windows ya ɗora Ubuntu a kwamfutarsa, ko gaisuwa ake yi sai ya sako Linus Torvalds, ɗalibin nan na Finland da ya fara Linux a 1991.

Uwar amarya ce ta aiko a rage mata nauyin bidiyon kamu don ya shiga WhatsApp. Wannan aikin FFmpeg ne, manhajar da wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya fara a 2000. Ba ƙaramar aba ba ce: laburarenta na cikin VLC, har hukumar NASA ta yi aiki da ita a motar Perseverance da ta sauka duniyar Mars a 2021. Da ƙanena ya gama karanto mini wannan sai ya gyara zama.

"Yaya, irin wannan ba a saukar da ita a shirye. Da hannuna zan harhaɗa ta daga ɗanyen rubutunta."

Masu manhajar sun rubuta ta ne galibi da yaren C, wanda mutum ke iya karantawa amma na'ura ba ta ji, sai an juya mata shi zuwa nata yaren. A takarda umarni uku ne kacal: configure ya leƙa ko kayan aiki sun cika, make ya yi ginin, make install ya ajiye kowane abu a gurbinsa. Ƙanena ya ce kafin ruwan shayi ya tafasa an gama.

Configure ya fara da cewa bai ga mai juya yaren C ba. Aka sauko da build-essential, wanda GCC ke ciki. Configure ya ce to ina nasm? Har da shawara ya bayar, wai in babu ana iya gina gurguwar manhaja. Ƙanena ya ɗauki wannan a matsayin zagi, ya sauko da nasm. Sai aka zo kan x264, laburaren mutanen VideoLAN mai matse bidiyo zuwa tsarin H.264. Maimakon ya ɗauko shi a shirye, ya rantse shi ma daga tushe zai gina. Abin ya koma kamar mai jin yunwar tuwo da aka miƙa wa damin dawa aka ce ya fara da sussuka. Yana gamawa configure ya sake tirjewa: x264 na ƙarƙashin lasisin GPL ne, sai an rubuta an amince. Wato bayan injiniyanci har da aikin lauya.

Shayi dai ya huce, an sake wani.

A wajen make ne girman kai ya yi masa illa. Akwai harafin j da ake ƙarawa da lamba, misali 4, don na'ura ta riƙa yin ayyuka huɗu a lokaci guda. Shi kuwa ya sa j ɗin tsurarsa, babu lamba, kuma ma'anar haka a wajen make ita ce babu iyaka. Tsohuwar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar gigabayit 4 ta kinkimo ayyuka rututu, fankarta ta kama kuka, linzami ya sandare. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, batirin kuwa ya daɗe da rasuwa. Cikin duhu na ji ana "Innalillahi" a hankali, ga wayar uwar amarya na ta haske a kan tabarma, ba mai ɗagawa.

Nan dole a yaba wa Stuart Feldman, wanda ya ƙirƙiro make a Bell Labs a 1976. Manhajar na duba lokacin da aka taɓa kowane fayil, ba ta maimaita abin da ta riga ta gina. Da aka kawo wuta, daga inda ta tsaya ta ɗora.

Wajen asuba aka gama. Ya tashe ni in zama shaida, ya buga ffmpeg yana murmushi. Na'ura ta ce ba ta san inda libx264 yake ba, alhali ga shi zaune a /usr/local/lib, shi da kansa ya ajiye shi. Ashe sai an buga ldconfig don a sabunta rajistar laburare. Kalma ɗaya, amma sai da rana ta fito ya gano ta.

Da hantsi ƙanwarmu mai karatun kwamfuta ta shigo ɗaukar caja, ta ji labari, ta buɗe tata na'urar ta buga sudo apt install ffmpeg. Ko zama ba ta yi ba aka gama, kuma x264 na ciki, don masu Ubuntu sun riga sun haɗa. Masu gini daga tushe suna da dalilansu, kamar neman sabon fitowa ko wani laburare da lasisi ya hana a raba shi a shirye. Bidiyon kamu ba ya cikinsu.

Har yau ƙanena na cewa tasa ta fi sauri, ko da yake bai yarda an gwada ba. Uwar amarya kuwa ta ba wani bikin ƙanwar amaryar.