Zuwa ga Malam mysql, Mai Tsaron Ƙofar Rumbun Bayanai

Mai wannan wasiƙa ya zo ne da ƙorafin masu rubuta manhaja, waɗanda ke kwana gaban baƙin allo saboda kalma ɗaya tak: localhost.

Malam, kai ba yaro ba ne. Tun 1995 ka fito daga Suwidin, Michael Widenius ya raɗa maka suna daga sunan 'yarsa My, kamfanin Sun ya saye ka a 2008, Oracle ta gaje ka a 2010. Mai irin waɗannan shekaru ai ya kamata ya riƙa jin magana.

Amma ga abin da ke faruwa. Ɗalibi ya tada rumbunsa cikin Docker a kan Linux, ya buɗe masa ƙofa mai lamba 3307, ya rubuta mysql -h localhost -P 3307 da kyau, harafi bai ɓata ba. Sai ka karɓi lambar, ka sa a aljihu, ka nufi fayil ɗin soket, wato /tmp/mysql.sock ko /var/run/mysqld/mysqld.sock idan Ubuntu ne. Kamar ɗan aiken da aka ce ya kai saƙo gida mai lamba kaza, ya zagaya ta ƙofar baya ya shige gidan da ya saba. Idan bai sami kowa ba, sai ka jefo wa yaro ERROR 2002, ya yini yana zargin Docker da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Wannan ma da sauƙi. Wanda ya fi ban tsoro shi ne wanda ya haƙa ramin SSH zuwa wata na'ura mai nisa, alhali akwai wani rumbun a kwamfutarsa. Shi ba za ka ce masa uffan ba. Za ka shigar da shi na gida, ya yi ta goge-goge da gyare-gyare yana zaton can yake aiki.

Gaskiya dai, ba a ce ba ka da hujja ba. Soket ya fi sauri tunda ba ya bi ta hanyar sadarwa, kuma littafinka ya faɗi wannan hali ƙarara. To, wa ke buɗe littafi da ƙarfe biyun dare? Maganin ma ka tanada: --protocol=TCP, ko a rubuta 127.0.0.1 maimakon localhost, ko a sa protocol=tcp ƙarƙashin [client] a fayil ɗin .my.cnf a huta. Hanyoyinka huɗu ne, TCP da SOCKET da PIPE da MEMORY, biyun ƙarshe na mutanen Windows ne kaɗai. Mai shakka kuma ya buga \s, ya ga ta inda aka shigo da shi. Batun -p ƙarami na kalmar sirri da -P babba na ƙofa kuwa, a bar shi sai wata wasiƙar.

Ƙanwarka MariaDB, wadda ta ɓalle a 2009, ta riga ta gyara: tun daga 10.6, wanda ya ba ta lambar ƙofa a layin umarni, ta TCP take kai shi.

Ba a ce ka sauya hali rana ɗaya ba, Malam. Roƙon kawai shi ne, duk ranar da za ka yi watsi da lambar da aka ba ka, ka rubuta layi ɗaya ka sanar da mai ita. Wassalam.