Ranar da Aka Sace Mini Teku a Zanzibar

Ni Bakano ne gaba da baya, kuma kafin bara ruwa mafi girma da idona ya taɓa gani shi ne dam ɗin Tiga. Da kasuwa ta ɗan yi kyau a Kantin Kwari, sai uwargida ta kafe lallai sai mun je Zanzibar, tsibirin nan na Tanzaniya da ya yi suna wajen noman kanumfari. Daga Darussalam muka hau jirgin ruwa, tafiyar wajen awa 2, ita tana ɗaukar hoto, ni ina rungume da leda ina salati.

Muka kama otal a Paje, can gabashin tsibirin. Aka ce ɗaki mai kallon teku kuɗinsa daban ne. Na nemi ragi suka ƙi, na biya raina yana suya. Amma da la'asar da na buɗe taga na ga ruwa shuɗi har kusa da gindin bishiyoyin kwakwa, sai na ce to, kuɗi ya yi halinsa.

Washegari bayan asuba na koma barci. Da hantsi na leƙa taga, sai na ga wayam. Babu teku! Yashi ne fari fat har iya ganina, ga kwale-kwale kwance a ƙasa kamar shanu a mayanka.

Na zura babbar riga na nufi wurin karɓar baƙi, rasit a hannu. Na ce wa yaron da ke wurin, "Samari, jiya na biya kuɗin teku, ina kuka kai shi?" Ya danne dariya ya ce wata ne ke jan ruwan, yakan janye ya dawo sau 2 a yini, in ba shi kamar awa 6. Na ce a raina, yau ga ɗan damfara yana ɗora wa wata laifi.

"Alhaji, ka bari ya dawo mana," in ji uwargida. Ina! Na ce sai na bi sawun kayana.

Na yi ta tafiya a kan yashi har na iske mata suna noman ciyawar teku, sun kakkafa turaku sun ɗaura igiyoyi. Da rana ta take sai na ga suna tattara buhuna. Wata dattijuwa ta yi mini nuni da hannu in juya, na ɗauka gaisuwa ce, na ɗaga mata hannu na wuce. Na cire takalma na ajiye don in ji sanyin yashi. Ban ankara ba ruwa ya kawo idon sawu, can ya kawo gwiwa. Takalmana suka kama hanyar Indiya. Garin gudu na taka wata halitta mai ƙaya kamar bushiya, na kurma ihun da aka ji a otal.

Masunta 2 suka ɗauko ni, babbar riga tana ɗiga. Yaron da na kira ɗan damfara shi ya shafa mini ruwan ɗanyen gwanda a tafin ƙafa, yana cewa "pole, pole," wato sannu. Sauran kwana 3 a kan kujera na yi su, ina gadin teku yana tafiya yana dawowa.

Don haka ɗan'uwa, in ka je Zanzibar, ka tambayi lokacin ruwa kafin ka tambayi farashi. In kuma dattijuwa ta ɗaga maka hannu a bakin teku, ba gaisuwa ba ce, juya.