A Turo Hoto

Baƙin da suka zo daga Amurka taya Kiristocin karkarar Falgore ta Rogo ginin majami'a mutanen kirki ne. Kowa ya ɗora bulo biyu, aka ɗau hoto, suka hau jirgi a Kano. Zumunci bai yanke ba, kullum WhatsApp: a turo hoton aiki. Magini ya hau tudu neman sabis, yau ya tura katangar ta gabas, gobe ita ɗin dai ta yamma, jibi da akuya kwance a gindinta tana tuƙa. Can ana ta tafi, gini na tafiya. Kuɗin da suka bari kuwa, an lissafa shi tun kafin buhun siminti ya haura naira 10,000 a 2024. Bayin Allah, gaisuwa ta iso, saura kwanon rufi kafin damina.