Teku a Falon Basakkwace

Daga Sakkwato zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita 1,000 ce, amma akwai masu sha'awar da suka ƙudiri aniyar kawo tekun falonsu cikin akwatin gilashi, da kifaye masu launi da murjani mai rai.

Lissafin kuwa ba ya tausayi. Ruwan teku na ɗauke da gishiri kusan giram 35 a kowace lita, don haka akwatin lita 200 zai cinye kilo 7, kuma ba gishirin miya ba: na musamman ne, ana haɗa shi da tataccen ruwa. Murjani yana son ruwan da bai wuce digiri 27 ba, a garin da zafin Afrilu ke haura 40. Sai a sayo na'urar sanyaya ruwa, sai batir, sai faranti mai hasken rana, domin in an ɗauke wuta famfo ya tsaya, kifi ya fara haki. Mai gida na ta gumi, kifinsa na shan sanyi.

Da hunturu iska na ƙafar da ruwan, gishiri ya tsaya, ɗan garuwa ya samu ciniki kullum.

Masuncin Kogin Rima da ya leƙa zai tambaya abu ɗaya: yaushe za a soya?