Wutar cek injin ta kama? Ajiye salatif tukuna

Idan wutar cek injin ta kama a motarka, abu na farko shi ne ka mayar da baƙin salatif ɗin da kake shirin liƙe ta da shi cikin aljihu. Yaron gareji zai ce a zare ƙwan kowa ya huta; ka yi masa godiya ka wuce. Kai motar wurin mai kwamfuta ya soka na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari. Duk motar da aka ƙera wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wannan kafa, kuma Camry da Corolla da Accord ɗinmu da yawa daga can suka zo.

In ya karanto maka P0135 ko P0141, daina dafe ƙirji, injinka lafiya lau. Maganar sensar oksijin ce, wadda ke ɗaure a bututun salansa tana shinshina hayaƙi tana gaya wa birenbos ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Halinta irin na dattijo ne a sanyin hunturu: ba ta cewa uffan sai ta ji ɗumi, ɗumin ma sai ya kai wajen digiri 300. Shi ya sa aka dasa mata ɗan hita a ciki. P0135 ƙarar hitar sensar gaba ce, P0141 ta baya, wadda ke bayan abin da makanikai ke kira indomi. Ta gaba ce mai taɓa aljihu, don muddin ba ta yi zafi ba, birenbos da ka yake zuba mai, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu mai kuɗin wannan kyauta.

Ga inda nake roƙonka ka natsu. Lambar cewa ta yi hanyar wutar hita ta sami matsala, ba ta rantse cewa sensa ta mutu ba. Mai gaggawa sai ya zarce kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayo sabuwa, a ɗaura, kwana biyu wuta ta dawo, ya koma zagin mai kaya, alhali fiyus ne ya ƙone. Don haka fara da fiyus. In ka canza ya sake ƙonewa, waya ce ke taɓa bodi a wani wuri, nemo ta. Wanda ya ce a naɗa zaren waya a madadin fiyus, tambaye shi ko yana da abin kashe gobara.

Daga nan bi wayar da ido da hannu har zuwa soket. Salansa na narka ta, ɓera na cin ta, ruwan damina na sa bakin soket tsatsa.

In duk wannan lafiya, sai mai wayarin ya fito da mitarsa. Bari injin ya huce, a cire soket. A sensa mai waya huɗu, biyun da suka yi launi ɗaya su ne na hita: baƙaƙe a Denso, farare a Bosch. A auna tsakaninsu. A Toyota da yawa sensar baya tana ba da om 11 zuwa 16, ta gaba kuma ƙasa da haka sosai. In mita ta nuna babu hanya kwata-kwata, hita ta tsinke. Sannan a murɗa makulli a duba ko bolt 12 na isowa ta ɓangaren mota. In ba ya zuwa, laifin waya ne ko rile, sensa ba ta ci ba ba ta sha ba.

Hitar da ta tsinke ba ta jin wanka. Ko ka jiƙa sensar a fetur har gobe, fes za ta fito, a mace. Sai saye. Tafi da lambar da ke jikin tsohuwar, domin ta gaba da ta baya sun yi kama amma ba sa riƙe wa juna aiki. Cire soket kafin a sa sifana mai lamba 22, kada waya ta murɗe, kuma ta fi saurin kwancewa in salansa na da ɗan ɗumi. Bayan an ɗaura a goge lambar da kwamfuta, ka tayar da motar a sanyi safiya biyu ko uku. In wutar ba ta dawo ba, sai ka cika wa mai wayarin ragowar kuɗinsa.