Ɗaki Mai Gado Biyu a Kalakla

Malamin Turancinmu ne ya ja mini. Ya ce harshe ba ya nuna a cikin aji, kowa ya fita titi ya nemi abokin hira. Titin Hartum kuwa Larabci yake ji, balle tun da a 1990 aka mayar da yawancin karatun jami'o'in Sudan zuwa Larabci. Malamin ya ce mu nemi tsofaffi, waɗanda suka yi makaranta kafin samun 'yancin kai a 1956 ko jim kaɗan bayansa, lokacin da Turancin Ingila ke da sauran ƙarfi a aji.

Na haddace darasi na bakwai na littafinmu, hirar matafiyi da ma'aikacin otal, na taka zuwa kasuwar Kalakla Laffa bayan la'asar. Can gindin bishiya wajen wata mai shayi na hango shi: dattijo cikin farar jallabiya, rawani kamar an naɗa masa zanin gado, tabarau a hanci, jarida a cinya, yana kurɓar jabana, gahawar nan tasu. Na ja kujera, na gaishe shi da Turanci. Gaisuwar ta fita sumul.

Ya naɗe jaridar a hankali. Daga nan ya buɗe baki, Turanci ya yi ta kwarara, irin na masu karanta labarai a Landan. Na tsinci sunan Atbara a ciki, da jirgin ƙasa, wato tsohon ma'aikacin reluwe ne. Sauran duk ya wuce ta saman kaina. Ina ta gyaɗa kai ina murmushi. Can sai muryarsa ta ɗaga a ƙarshen jimla, ya yi shiru, ya zuba mini ido. Tambaya ce.

Mai shayi ta tsaya da cokali a hannu. Direbobin raksha biyu, wato keke mai ƙafa uku, suka juyo. Na leƙa cikin kaina, ba kowa a gida sai darasi na bakwai. Na gyara murya, na ce masa da Turanci mai kyau, babu tuntuɓe ko ɗaya: "Ina son ɗaki mai gado biyu, da ruwan zafi, na kwana uku."

Ruwan zafi. A watan Mayu, a Hartum, inda ruwan famfo da kansa yake fitowa da zafi.

Daga baya aka gaya mini cewa tambayarsa ita ce me ya kawo ni ƙasarsu. Ni kuma na ba shi amsa dalla-dalla, har da adadin gado. Da dariya ya yi, da na samu sauƙi. Sai fuskarsa ta canza, ya dafa ƙirji, ya juya ga jama'a ya sanar da Larabci cewa ga baƙo ɗalibi daga Najeriya ba shi da wurin kwana. Duk wanda ya san Sudan ya san abin da ya biyo baya. Wani ya rantse a falonsa zan sauka. Wani ya ce ƙarya ne, shi ya fara ganina. Dattijon ya riƙe hannuna na dama, wani direba ya riƙe na hagu, aka aiki yaro ya ɗauko angarib, gadon nan nasu na igiya. Guda biyu, tunda haka na nema. Mai shayi tana ta tambaya waye zai kwana a na biyun, ko iyalina suna tasha.

Larabcina, wanda kullum nake cinikin tumatir da shi, ya gudu ya bar ni. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Wayyo Allah, ina da ɗaki!"

"To me ya kai ka roƙo, ɗan nan?"

Da Hausa. Mai agashe ne a gefe, yana juya tsire a kan garwashi. Bahaushen Sudan ne, ya ce kakansa na cikin waɗanda suka yo gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka zauna a Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Na ce, "Baba, don Allah ka yi musu bayani." Ya ce zai yi, amma tukuna in saurara.

"Turanci a hanci yake. Kai da maƙogwaro kake yinsa, shi ya sa ya ƙi ka. Ka toshe hanci ɗaya in za ka fara."

Na ce, "Baba, ga gado an kawo."

"Kuma ka rage sukari a shayi. Turawa ba sa shan zaƙi, shi ke sa harshensu ya yi kauri. Sannan takalminka. Wa ya taɓa jin Turanci a bakin mai silifa?"

Na tambaye shi ko yana jin Turancin. Ya ce ko kalma, amma ya taɓa sayar wa wani Bature agashe, ya lura da shi sosai.

Yana cikin bayanin yadda Baturen ke tauna nama ne yaron ya dawo da buta tana tururi.