Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Malam Python



Bayan gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyar iyali, su int da float da str da autansu bool, na rubuto ne a madadin masu koyon rubuta manhaja, waɗanda aka ce mana duk cikin yarukan kwamfuta babu mai sauƙin hali kamarka. Ba mu musa ba. Tun da Guido van Rossum, mutumin Holan, ya fito da kai a 1991 ake yabonka. Amma muna da ƙorafi, kuma a kan yaronka input ne, wanda ka ajiye a bakin ƙofa yana karɓar abin da jama'a suka buga.

Wannan yaro, duk abin da aka miƙa masa rubutu ne a wurinsa. Ka ba shi 2, ka ba shi 3, ka ce a haɗa, sai a ce maka 23. Ɗalibi ya zauna ya rubuta wa Hajiyarsa ɗan shirin lissafin awo, layi shida kacal: kwano nawa aka saya, nawa ne kuɗin kwano. Ya tuna ya mayar da adadin kwano lamba, ya manta da farashin. Hajiya ta buga kwano 3 a kan 1500, sai allo ya nuna mata 150015001500. Shinkafar naira dubu huɗu da ɗari biyar ta koma sama da biliyan 150, kuma ko tari ba ka yi ba. Wannan shirun naka ya fi ba mu tsoro a kan duk ihun da kake yi. Haka idan aka tambaye ka tsakanin 9 da 10 wa ya fi girma, matuƙar daga hannun input suka fito, sai ka ce 9, domin harafin farko kake fara dubawa.

Autan gidanka ma ba kanwar lasa ba ne. An tambayi mutum ko ya amince, ya rubuta a'a, an miƙa wa bool, bool ya ce gaskiya ne. Ko da Turanci ya rubuta False, amsar ba ta canzawa. A wurinsa in dai an rubuta wani abu, to an amince. Wanda bai buga komai ba ne kaɗai ya ƙi.

To, sai aka ce mu kai ƙara wurin int, shi ne mai mayar da rubutu lamba. Nan kuma muka tarar da tsauri. An rubuta 1,500 da waƙafi kamar yadda kowa ke rubuta kuɗi, ya ƙi. An sa alamar naira a gaba, ya ƙi. An rubuta 2.5, ya ce wannan aikin float ne. Amma a rubuta 1_500, abin da ba a taɓa gani a littafin bashin kowane kanti ba, ya karɓa hannu bibbiyu. Abu ɗaya zan yaba masa: wanda ya saba da karatun allo ya buga ١٢ da lambobin Larabci, zai gane 12 ake nufi. Sai dai kada a kuskura a ba shi lambar waya, don sifilin farko na 080 cinye shi zai yi. Lambar waya suna ce, ba a haɗa ta, ba a ɗebe ta, gara a bar ta a hannun str, mai riƙon rubutu.

Batun float ba zan ja shi ba, na san ba kai ka ƙirƙiro shi ba. A ce 0.1 da 0.2 su tashi 0.30000000000000004, wannan gadon ƙa'idar IEEE 754 ce ta 1985, tunda na'ura da sifili da ɗaya take ƙirga. An ba mu shawara mu riƙa lissafin kuɗi da kwabo, ko mu ɗauko decimal. Mun ji, ko da yake rabon da a ga kwabo a kasuwa an daɗe.

Na kuma san dalilin taurin kan input. A zamanin Python 2 ya fi haka sakaci: duk abin da aka buga masa ɗauka yake a matsayin umarni ya aiwatar, ko da mugu ne ya buga. Da ka yi gyara a 2008 ka hana shi wannan, kuma ka kyauta. Ruɗa nau'in lamba ma ba wasan yara ba ne. Ranar 4 ga Yuni 1996 rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 bayan tashi, saboda an tura babbar lamba a gurbin da ba zai ɗauke ta ba. Da yaren Ada aka rubuta manhajar rokar, ba ruwanka.

Inda ka fi ɓata mana rai shi ne bakinka. Hajiya ta rubuta ashirin da haruffa, kai kuma ka zazzago mata Traceback, ka kira ValueError, ka yi mata zancen base 10, sannan ka rufe shirin. Ina Hajiya ina base 10? Gaskiya tun daga 3.10 na 2021 ka fara sassauta harshe, har kana cewa ko kaza ake nufi. Amma da mai rubuta shirin kake wannan hirar, mai amfani da shi ko oho.

Tunda na san ba za ka sake hali ba, roƙona ɗaya ne. Duk ɗalibin da ya kira input, ka tuna masa try da except suna nan, while ma tana nan don a sake tambaya maimakon a rufe. Ka ce ya rubuta saƙon da harshen mai kantin: "Don Allah a rubuta lamba kawai, ba waƙafi, misali 1500." Kafin a karɓi kuɗin kowa kuma, a maimaita masa: "Kwano 3 a kan 1500, jimla 4500, haka ne?" In ya ce a'a, don girman Allah kada a kai wa bool.

Ka huta lafiya.

Naka,
Wani ɗalibinka.